Tsagar Daɓen Wurin Ninƙaya: Kada Kawaici Ya Cinye Maka Garanti

A 'yan shekarun nan, wurin ninƙaya ya tashi daga abin da muke gani a fina-finai ya shigo cikin garuruwanmu. Duk wanda ya zagaya Abuja ko Kano ko Kaduna zai ga yadda otal-otal da wuraren shaƙatawa da sababbin rukunin gidaje ke rige-rigen haƙa kwamin ruwa, a kewaye shi da daɓe mai ɗaukar ido, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Ranar buɗewa kowa sai sam barka. To amma a koma wurin bayan damina ɗaya. Sau da yawa za a tarar tayil ya fara ɗagowa, wata tsaga ta ratsa daɓen tun daga bakin kwami har jikin katanga, ga wani lungu da ruwa ke kwanciya ya ƙi tafiya har ya yi gansakuka.

Mai wuri zai kira ɗan kwangila a waya. Amsar da zai samu kuwa kusan kowa ya haddace ta: "Haba Alhaji, ai ginin ne yake zama. Bari ruwa ya ɗauke, zan turo yara su shafe." Alhaji ya ce to, Allah Ya kai mu. Ruwa ya ɗauke, yara ba su zo ba. A sake bugawa, a ce injiniya ya yi tafiya. Kafin a ankara watannin garanti sun cika, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, tsaga kuma ta zama ta mai wuri shi kaɗai.

Ra'ayina a kan wannan lamari ba shi da tsawo. Garanti agogo ne da ke tafiya ko kana barci, kuma ba ya jin maganar baka. Wanda ya ga aibu a aikin da aka yi masa, ya tsaya kawaici da jin nauyi, to da hannunsa ya yafe haƙƙinsa. A wurin da ruwa da kankare da rodi suka haɗu kuwa, abin da aka yafe zai iya wuce kuɗi ya kai ga rai.

Darasin Surfside

Wanda ke ganin na zuzuta maganar, ya tuna abin da ya faru a garin Surfside da ke kusa da Miami a Jihar Florida ta Amurka. Da misalin ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na dare, wayewar 24 ga Yunin 2021, wani ɓangare na wani bene mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta, mutane na barci. Mutum 98 suka rasa rayukansu. An kammala ginin ne a 1981, yana ɗauke da gidaje 136, da wurin ninƙaya a harabarsa. A ƙarƙashin daɓen da ke kewaye da wurin ninƙayar akwai garejin ajiye motoci. Wato daɓen da mutane ke zama su sha iska a kai, shi ne rufin garejin.

Kusan shekara uku kafin wannan dare, a watan Oktoban 2018, wani injiniya mai suna Frank Morabito da ƙungiyar masu gidajen ta ɗauko ya duba ginin, ya miƙa rahotonsa. Ya ce shimfiɗar da aka yi domin hana ruwa ratsa daɓen ta lalace, har kankaren da ke ƙarƙashinta ya yi mummunar illa. Ya kuma nuna cewa kuskuren tun daga zane yake, domin an yi shimfiɗar ce a kan daɓen da ba a ba shi gangare ba, saboda haka ruwa ke kwanciya a kai sai ya bushe don kansa. Ya yi gargaɗin cewa in ba a gyara da wuri ba, ɓarnar za ta riƙa ninkuwa. Kiyasin farko na gyaran ginin ya ɗara dala miliyan 9. Aka shiga taro da ja-in-ja kan wa zai biya nawa, har zuwa Afrilun 2021 lokacin da kuɗin da aka yanka wa masu gidajen ya kai dala miliyan 15. Ba a kai ga gyaran daɓen ba ginin ya faɗi.

Shaidun gani da ido sun ce daɓen ne ya fara burmawa cikin garejin, bayan 'yan mintuna benen ya biyo baya. Hukumar NIST ta gwamnatin Amurka, wadda ta jagoranci bincike, ta bayyana cewa ƙarfin daɓen tun a zane bai kai yadda ƙa'ida ta tanada ba, a wasu wuraren ba a jera rodi yadda zane ya ce ba, daga baya aka ƙara masa lodi da manyan tukwanen shuke-shuke da yashi da duwatsun ado, ga kuma tsatsa tana nata aikin. A 2022 kotu ta amince da diyyar da ta haura dala biliyan 1, amma wanda ya tafi ya tafi.

Wani zai ce, to gini mai shekara 40 ina ruwansa da garanti? Ai nan darasin yake. Rashin gangare da ƙarancin rodi ba tsufa ne ya kawo su ba, da su aka haifi ginin. Aibu ne da ƙwararre zai iya ganowa tun ginin yana sabo, lokacin da waɗanda suka yi aikin suke nan, doka kuma take iya kamo su. Ranar da benen ya faɗi, mai zanen da injiniyan da attajirin da ya gina duk sun riga sun bar duniya. Masu iya magana suka ce tun ran gini, ran zane.

Gaskiya ne yawancin daɓen wuraren ninƙayarmu a kan ƙasa suke zaune, babu gareji a ƙarƙashinsu. Sai dai an fara ɗora wurin ninƙaya a saman bene a manyan biranenmu, kuma ko na ƙasa ne, tayil ɗin da ya ɗago ko daɓen da ya yi santsi ya isa ya kayar da yaro ya fasa kai, ko ya jefa wanda bai iya ruwa ba cikin zurfi. A tuna su wa ke cika waɗannan wurare ranar sallah da kirsimeti: 'ya'yan talakawa ne da suka biya kuɗin shiga. Saboda haka maganar ta wuce ta masu hannu da shuni kaɗai.

Me ke sa daɓe ya lalace?

Kafin ka tunkari ɗan kwangila, ya kamata ka san abin da kake kallo, domin rashin sani ne ke sa a rufe wa mutum baki da "gini ne yake zama".

Babban abin da ke karya daɓen bakin kwami shi ne ciko. In za a gina wurin ninƙaya, ana haƙa ramin da ya fi kwamin faɗi, bayan an gama gina jikinsa sai a mayar da ƙasa a gefe. Ƙa'ida ita ce a riƙa zuba ƙasar kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, ana danne kowane zubi da inji kafin a ƙara wani. Mai gaggawa kuwa sai ya turo ƙasar gaba ɗaya, har da ɓaraguzan bulo da buhunan siminti, ya watsa ruwa, washegari ya zuba kankare. Damina na sauka ƙasar ta zauna, ƙarƙashin daɓe ya zama rami, daɓen ya karye ya nitse. Lamarin ya fi muni a inda ƙasa take da laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin baƙar ƙasar da ke wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa.

Na biyu shi ne gangare, wato abin da aka yi sakaci da shi a Surfside. Daɓe na ƙwarai yana sauka da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yana kai ruwa ga magudana, nesa da kwamin. Wannan ba ya buƙatar injiniya kafin a gane. Zuba bokitin ruwa ka tsaya ka ga inda ya nufa. In ya kwanta, ko ya koma cikin kwamin da dattinsa, aikin bai yi ba.

Na uku, kankare yana numfashi. Rana ta buɗe ya miƙe, sanyi ya sauka ya tsuke. Shi ya sa ake yanka masa layuka a tsakani domin in zai tsage ya tsage a nan, ake kuma barin 'yar tazara tsakanin leɓen kwami da daɓe a cike ta da abu mai danƙo. In aka haɗe su wuri guda, motsin daɓen zai riƙa turo leɓen kwamin har tayil ɗin ciki ya fara zubewa.

Sai kuma kwaɓi da ban ruwa. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin zubawa, amma yawan ruwa yana rage wa kankare ƙarfi. Bayan zubawa yana buƙatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Wanda aka zuba cikin iskar hunturu aka bar shi ya bushe a yini guda, ba makawa fuskarsa ta tsattsage. Da zarar ruwan kwami mai sinadarin kulorin ya samu hanya ya kai ga rodi, tsatsa za ta kama, rodi mai tsatsa kuwa kumbura yake yi, ya fasa kankaren daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma bututun da ke yoyo a ƙarƙashin daɓe yana kwashe ƙasa a hankali. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cika bokiti da ruwa a ajiye a kan matakalar kwamin, a yi alama a daidai ruwan bokitin da na kwamin, a kashe famfo, a dawo bayan awa 24. In ruwan kwamin ya fi na bokitin sauka, to ba rana ce ke shanye shi ba, yoyo ne.

Adalci shi ne a faɗa cewa ba kowace tsaga ce aibu ba. Siririyar tsaga mai kamar gashi, wadda ba ta ƙaruwa, abu ne da kankare ya gada. Wadda za ta tayar da hankali ita ce mai faɗaɗa wata bayan wata, ko wadda gefenta ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko mai fitar da ruwa ko jan tsatsa. Tayil kuma a ƙwanƙwasa shi da bakin makulli. Wanda ya yi ƙarar fanko, ƙarƙashinsa babu siminti.

Garantin da bai ga damina ba

A kwangilolin gini da ake rubutawa a Najeriya, akan ware wani lokaci bayan miƙa aiki, galibi wata 6 ko wata 12, wanda duk aibun da ya bayyana a cikinsa ɗan kwangila zai dawo ya gyara da kuɗinsa. Domin kada alƙawarin ya zama na fatar baki, mai aiki yakan riƙe wani kaso na kuɗin, yawanci kashi 5 cikin 100, sai an gama gyare-gyare ya saki. Wannan kuɗin riƙo shi ne haƙorin garanti. Wanda ya biya kaf ranar miƙa makulli saboda an ce masa akwai biki ko kuɗin makarantar yara, ya sani roƙo ya rage masa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kalanda. A ce an miƙa maka wurin ninƙaya a watan Nuwamba da garantin wata 6. Garantin zai ƙare a watan Mayu. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, wannan na nufin ya fara ya ƙare ruwan sama na kirki bai taɓa daɓen ba. Cikon da ba a danne ba, gangaren da ba a bayar ba, magudanar da ta yi ƙanƙanta, duk sai ruwan Yuli da Agusta ne ke tona musu asiri, lokacin ɗan kwangila ya daɗe da wanke hannunsa. Don haka a ganina, a ƙasar da shekara ta rabu gida uku, garantin da bai kai wata 12 ba, bai ga hunturu da bazara da damina ba, sunansa garanti amma ba shi da amfani ga aikin da ke hulɗa da ruwa. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya tsaya a kan wata 12, kuma ya sa a rubuta.

Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan fage. A Ingila, yawancin sababbin gidaje suna zuwa da garantin shekara 10, shekara biyun farko magini ne da kansa ke da alhakin gyara. A Florida ɗin da muka ambata, doka ta wajabta wa mai gida ya aika wa magini rubutacciyar sanarwa aƙalla kwana 60 kafin ya shigar da ƙara, domin a ba shi damar dubawa da gyarawa, sannan a 2023 aka rage wa'adin kai ƙarar aibun gini daga shekara 10 zuwa 7. Ko'ina ka duba, abu biyu ne ke maimaituwa: rubutu da wa'adi.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin samun aiki mai ingancin da mai hankali zai yi tsammani, in kuma an gaza, ya nemi a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Haka kuma cikar watannin garanti ba ta wanke ɗan kwangila daga ɓoyayyen aibun da ya saɓa wa yarjejeniya. Ana iya kai shi kotu, sai dai ita ma ƙarar tana da wa'adi, shekara 6 a Abuja da Legas, shekara 5 a wasu jihohi. Bambancin shi ne, a cikin garanti takarda ɗaya ta isa ta dawo da shi bakin aiki, bayan garanti kuwa sai lauya da shaidu da zaryar kotu.

Yadda za a bi haƙƙi ba tare da faɗa ba

Matakin farko shi ne tsaro. In daɓe ya nitse, ko tayil ya fashe ya yi kaifi, ko wani ya ce ya ji wuta ta ja shi a bakin ruwa, a rufe wurin nan take. Kuɗin tikitin mako guda bai kai ran yaro ɗaya ba.

Daga nan sai tattara hujja. A ɗauki hoto da bidiyo masu ɗauke da kwanan wata, a ɗora ma'auni a kan tsagar domin a ga faɗinta, a yi alama da fenti a inda ta tsaya, a dawo bayan mako biyu a ga ko ta wuce. A ɗauki hoton ruwan da ya kwanta awa guda bayan an ɗauke ruwan sama. A nemo takardar kwangila da zane da rasit da shaidar biyan kuɗi ta banki, a karanta abin da garantin ya ƙunsa da abin da ya cire.

Sai uwa uba, sanarwa a rubuce. A nan ne yawancinmu ke faɗuwa, domin a al'adarmu aika wa mutum takarda kamar shelar gaba ce, musamman in ɗan kwangilar suruki ne ko abokin Yaya ko wanda kuke haɗuwa a sahu. Amma takarda ba ta hana ladabi. Ana iya farawa da "Injiniya, bayan gaisuwa da fatan alheri", a ambaci aikin da ranar da aka miƙa shi, a lissafa abin da aka gani, a haɗa da hotuna, a nemi ya zo a duba tare cikin kwana 7 ko 14. A kai masa kwafi biyu ya sa hannu a ɗaya, a kuma tura ta WhatsApp da imel, domin Dokar Shaida ta 2011 ta amince da shaidar da aka ciro daga na'ura in an cika sharuɗɗanta. Amfanin takardar shi ne ta tabbatar an sanar da aibun tun garanti yana raye. Ko da ya ja ƙafa har wa'adi ya wuce, ba zai ce bai ji ba. Kiran waya ɗari ba ya yin wannan aiki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abu na gaba, a ɗauko injiniya mai rajista wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar, ya duba ya rubuta rahoto. Wanda ya yi aiki ba zai zama alƙalin aikinsa ba. Abin da ake nema daga rahoton shi ne musabbabi: ciko ne, ko yoyo, ko gangare, ko kwaɓi? Kuɗin wannan dubawa ba ya taka kara ya karya in aka kwatanta da kuɗin fasa daɓe a sake.

Sanin musabbabi shi ke kare mutum daga yaudara mafi yawa a wannan harka, wato gyaran fuska. A zo da rabin buhun siminti a shafe tsaga, a bi da fenti, a ce an gama. In ramin yana ƙarƙashi, shafen zai kai ka daidai ranar da garanti zai cika, sannan ya buɗe. Don haka kafin a ɗaga guduma, a nemi ɗan kwangila ya rubuta yadda zai yi gyaran: ina za a fasa, da me za a cike, wa zai duba kafin a rufe, yaushe za a gama. Injiniyanka ya amince tukuna. A kuma rubuta cewa ɓangaren da aka gyara yana da sabon garanti daga ranar da aka kammala, har ya ga damina guda. Kuɗin riƙo kuwa kada ya fita sai injiniya ya sa hannu.

Kuskure ɗaya da fushi ke jawowa shi ne a kira wani birkila daga waje ya fasa ya gyara kafin a ba mai aikin dama. Yin haka yana lalata hujja, yana kuma ba ɗan kwangila mafita, ya ce ai ba aikinsa ba ne kuma, an taɓa. Sai ya ƙi zuwa bayan wa'adin da aka ba shi a rubuce, sannan ake kawo wani, a cire kuɗin daga abin da aka riƙe, in yarjejeniya ta ba da wannan dama.

Shi ma ɗan kwangila yana da gaskiyarsa

Ba zan yi adalci ba in na ɗora laifi duka a wuyan masu aiki. Akwai mai wurin da za a ba shi kiyasi ya zaftare kashi uku, ya ce in ba za ka iya ba ga wani can. Akwai wanda zai ce shi zai sayo kaya, ya kawo tayil ɗin falo mai santsi da siririn rodi saboda sun fi sauƙi, ya manta araha ba ta ado. Akwai mai matsa lamba a buɗe wuri kafin sallah alhali kankare bai yi kwana goma ba. Akwai wanda zai sa tankar ruwa ta hau daɓen da aka yi domin tafiyar ƙafa, ko ya dasa bishiya mai saiwa a gefensa, ko ya bar magudana ta toshe shekara guda. Garanti bai rufe waɗannan ba, kuma bai kamata ya rufe ba. Akwai ma waɗanda ke fakewa da ƙaramin aibu su cinye kuɗin riƙon bawan Allah gaba ɗaya. Wannan zalunci ne, kuma yana cikin abin da ke sa 'yan kwangila su ƙi yarda a riƙe musu ko kwabo.

Sai dai amsar duk wannan ita ce dai rubutun. Magini na ƙwarai, in aka tilasta masa kayan da bai yarda da su ba, ya rubuta cewa ya ba da shawara an ƙi. In ya ga farashin ba zai yi aiki mai kyau ba, ya haƙura da kwangilar, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma in ya karɓa ya yi shiru, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma wanda ya dawo ya gyara aikinsa ba tare da an kai ruwa rana ba, ya sayi sunan da talla ba ta sayo shi, domin a wannan sana'a mai otal ne ke gaya wa mai otal.

In sulhu ya ƙi

Idan takarda ta farko da ta biyu ba su yi aiki ba, ba lallai a zarce kotu ba. A fara da wanda ya haɗa ku, ko dattawan ƙungiyar sana'arsa, amma duk abin da aka cimma a rubuta a sa hannu. Akwai zaurukan sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano, inda ake zama da mai shiga tsakani cikin sauƙin kuɗi da lokaci, kuma dokar sasanci ta 2023 ta ƙara wa irin wannan yarjejeniya ƙarfi. Ana iya kai koke ga FCCPC. In mutumin injiniya ne mai rajista, hukumar COREN na da ikon ladabtar da shi, in magini ne mai rajista, CORBON ce ke da shi. To amma wanda ba shi da rajista a ko'ina, ba shi da ofis, ba shi da kamfani sai lambar waya, wa zai ladabtar da shi? Wannan tambaya ranar ba da aiki ake yin ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da sashen kula da gine-gine na Abuja su ma da nasu. Wurin ninƙayar da jama'a za su biya kuɗi su shiga bai kamata a buɗe shi ba sai ƙwararre ya duba daɓensa da magudanarsa da wayoyin wutarsa, a kuma riƙa sake dubawa lokaci-lokaci, musamman wanda aka ɗora a kan bene. Florida ta tsaurara dokar duba tsofaffin benaye a 2022, amma sai da ta binne mutum 98. Bai kamata mu jira namu ba.

Shawarata ga duk wanda aka miƙa wa sabon aiki cikin shekarar nan, wurin ninƙaya ne ko dekin ko tankin ƙasa, ita ce ya ɗauko takardar kwangilarsa yau ya duba ranar da garantinsa zai cika. Ya ƙirga wata guda kafin ranar, ya zagaya aikin da bokitin ruwa da makulli da wayarsa, abin da ya gani ya rubuta ya aika. Zumunci ba zai ɓaci don takarda ba. Abin da ke ɓata shi shi ne ranar da daɓe ya burma, kowa yana rantsuwa cewa ba haka aka yi da shi ba. Allah Ya kiyaye.